Ƙwayar Halitta Da Ciwon Sikila: Mu Sani Kafin A Sa Rana

Idan aka zare siririn ɓawon da ke tsakanin ɓarin albasa, irin wadda ake kasawa a kasuwar Dogon Daji, aka duba shi da na'urar ƙara girman abu, za a ga ƙananan ɗakuna a jere kamar tubalan bango. Su ne ƙwayoyin halitta. Da irinsu aka gina jikinmu, da na dabba, da na tsiro. Robert Hooke, ɗan Ingila, shi ya fara bayyana su a 1665.

Kowace ƙwaya a jikinmu tana lulluɓe da tantani mai tace abin da zai shiga da wanda zai fita. A cikinta akwai mitokondiriya, masu ƙona sukarin abinci su ba mu kuzari, da ribosom masu haɗa furotin. Amma ragamar aikin tana hannun cibiyar ƙwayar, inda aka adana gadon halitta, rabi daga uba, rabi daga uwa.

A nan batun sikila ya shigo. Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗaukar iskar da muka shaƙa ne da wani furotin mai suna himogilobin, kuma umurnin haɗa shi a wannan gadon yake. Yaron da ya gaji gurɓataccen umurni daga iyaye biyu, ƙwayoyinsa kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Shi ya sa yake kwana kukan ƙashi, idanunsa su yi rawaya. Lafiyayyar ƙwaya takan kai kwana 120. Ta mai sikila da ƙyar take wuce 20, sai jini ya yi ta ƙaranci. Ba maita ba ce, ba iska ba. Kuma zaluncin da ake yi wa uwa, a ce daga danginta ne, ba shi da tushe: sai kowane ɓangare ya bayar.

Mai AS, wato wanda ya gaji gurɓataccen umurnin daga ɓangare ɗaya kawai, lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ba ya sanin yana ɗauke da shi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila, ko na fari ne ko na bakwai.

Don haka mu yi gwajin jinotayip, mai nuna ko mutum na ɗauke da sikila, tun ana neman aure, kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ba. Mu tambaya a asibitin da ke kusa, a Dogon Daji, Tambuwal ko Kebbe. Idan sakamako biyu suka saɓa, a maimaita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Yaron da ya riga ya zo da ciwon kuwa, a yawaita ba shi ruwa, ya kwana cikin gidan sauro, a rufa masa jiki da hunturu, kuma zazzaɓi na kama shi a garzaya asibiti.