Kafin Ki Ɗora Bene a Gidan Hayar Ɗalibai



Yau maganar gini za mu yi, kuma kada uwargida ta ce wannan ai harkar maza ce. A unguwannin da ke kusa da Jami'ar Bayero, irin su Kabuga da Gadon Ƙaya da Rijiyar Zaki, akwai matan da suka gaji gida, suna son su gyara shi, su ƙara ɗakuna, su zuba ɗalibai haya. Dabara ce mai kyau. To amma fa ko da gidan naki ne, ƙarin gini sai da izinin hukuma.

Dokokin tsara birane ne suka tanadi haka. A Kano hukumar KNUPDA ke ba da izinin, a Kaduna kuwa KASUPDA. Shafa fenti ko toshe yoyon kwano ba shi ne abin magana ba. Inda maganar take shi ne ƙarin ɗakuna, da ɗora bene, da mayar da gidan iyali ya zama masaukin mutum talatin ko arba'in.

Za a nemi takardar mallakar fili, da zanen gini daga hannun mai zane mai rajista, da lissafin injiniya. Idan har yanzu sunan marigayi ne a takardar, ki fara warware wannan da sauran magada tukuna, don nan ne aiki ya fi tsayawa.

Lissafin injiniyan nan kuwa, don Allah kada ki yi masa rowa. Harsashin da aka haƙa don gidan ƙasa ba lallai ne ya ɗauki bene ba, komai rantsuwar birkila. Mutanen Kano ba su manta da benen da ya rufta a titin Beirut a 2022 ba. Ki tuna 'ya'yan mutane ne za su kwana a ciki. Hukuma kuma za ta duba yawan bayi, da ramin masai, da faɗin matattakala, da tazarar gini daga titi da kwata.

Wadda ta fara aiki babu izini, wata safiya sai ta tarar an shafa wa bangonta jan fenti, an dakatar da magina, wataƙila ma a rushe abin da ta ƙara, siminti da rodi sun tafi a banza. In za ki biya kuɗin izinin, Hajiya, ki biya ta hanyar da hukuma ta tsara, ki karɓi rasit da sunanki, ki adana shi tare da zanen da aka buga wa hatimi.