Tayin bayan fage a gwanjon intanet

Tayin bayan fage a gwanjon intanet shi ne tayin da mai saye yake aika wa mai kaya ta saƙo, shi da shi kaɗai, alhali kayan suna kan gwanjo a wani shafin intanet. Mai sayen yakan nemi a sallama masa kayan a kan wani farashi tun kafin wa'adin gwanjon ya cika, ko kuma a janye su daga shafin a ƙarasa cinikin a waje. An fi sanin wannan al'ada a manyan shafukan gwanjo irin su eBay. Wasu masu irin wannan tayi da gaske suke yi, wasu araha suke nema, wasu kuma 'yan damfara ne. Mai kayan da ya karɓi tayin a wajen shafi yakan rasa abu biyu: gasar da ke ɗaga farashi, da kariyar da shafin yake bai wa cinikin da aka yi a cikinsa.

## Yadda gwanjon yake tafiya

Pierre Omidyar ne ya kafa eBay a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1995 da sunan AuctionWeb, aka sauya sunan zuwa eBay a 1997. A wannan tsari mai kaya yana sa hoton kayansa da bayaninsu da farashin farawa, sannan ya zaɓi wa'adi na kwana 1, 3, 5, 7 ko 10. Wanda tayinsa ya fi na kowa a lokacin da wa'adin ya cika shi ne ya ci gwanjon.

Mai taya kaya a eBay yana rubuta iyakar abin da zai iya biya, amma shafin ba ya nuna wannan adadi. Kwamfuta ce take ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya wuce shi, har a kai iyakar da ya rubuta. Saboda haka farashin da ake gani a tsakiyar gwanjo ba ya nuna ainihin abin da masu saye suka shirya biya. Misali, agogo zai iya tsayawa a kan dala 120, alhali wanda yake kan gaba ya rubuta dala 300 a ɓoye.

Ƙwararrun masu saye kuma sukan jira sai daƙiƙoƙin ƙarshe kafin su yi tayi. Masana tattalin arziki Alvin Roth da Axel Ockenfels sun wallafa bincike a 2002 wanda ya kwatanta gwanjon eBay da na Amazon na wancan zamani. Sun gano cewa tayin ƙarshen lokaci ya fi yawa a eBay, inda gwanjo yake rufewa a ƙayyadadden lokaci, fiye da Amazon, inda ake ƙara lokaci idan sabon tayi ya shigo. Wannan shi ya sa mai kaya ba ya iya sanin inda farashi zai tsaya sai gwanjo ya ƙare.

## Ire-iren tayin

Tayin bayan fage yakan zo ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi:

* Neman a rufe gwanjo da wuri. Mai saye ya faɗi farashi, ya nemi a soke gwanjon a sayar masa nan take.
* Neman a fita daga shafin. Mai saye ya ba da lambar waya ko adireshin imel, ya ce a ƙarasa ciniki a can don a kauce wa la'adar kamfani.
* Tayi bayan gwanjo ya ƙare. Wanda bai ci ba, ko wanda ya makara, ya tuntuɓi mai kaya ya ce zai biya fiye da wanda ya ci.
* Tayi a kan kayan da ba su sayu ba. Idan wa'adi ya cika babu wanda ya taya, ko tayin bai kai mafi ƙarancin farashin da mai kaya ya ɓoye ba, wani yakan nemi a yi masa ragi.

## Dalilan masu saye

Wani mai sayen yana cikin gaggawa ne, kamar mai neman kayan gyaran inji ko kyautar biki, ba zai iya jiran kwana bakwai ba. Wani kuma ya san darajar kayan fiye da mai su. Wannan ya fi faruwa da tsofaffin kuɗi, kan sarki, agoguna, kyamarori da littattafan da suka yi wuyar samu. Irin wannan mai saye yana so ya ɗauke kayan kafin sauran masana su gan su. Shi ya sa masu kaya da suka daɗe a harkar suke ɗaukar yawan tayin bayan fage a kwanakin farko a matsayin alamar cewa kayan sun fi yadda aka zata daraja.

Akwai kuma batun la'ada. A Amurka eBay yana cire kimanin kashi 13 zuwa 14 cikin 100 na kuɗin ciniki a yawancin nau'o'in kaya. Mai saye yakan ce idan an yi ciniki a waje sai a raba wannan kuɗi tsakani, kowa ya samu sauƙi.

## Ƙa'idojin eBay

Ƙa'idojin eBay sun hana amfani da shafin wajen samun mai saye sannan a ƙulla cinikin a waje. Sun kuma hana musayar lambar waya ko imel da wannan niyya. Wanda aka kama ana iya cire masa la'adar duk da cewa cinikin bai bi ta shafin ba, ko a taƙaita asusunsa, ko a rufe shi.

Rufe gwanjo da wuri ma yana da sharuɗɗa. Idan an riga an taya kayan kuma saura ƙasa da awa 12, mai kaya ba zai iya rufe gwanjon ba sai dai ya sallama wa wanda yake kan gaba. Idan saura awa 12 ko fiye, zai iya soke tayin da aka yi ya rufe, amma ana iya cajin sa kuɗi a kan haka.

Kamfanin ya tanadi hanyoyi uku da ake yin irin wannan ciniki a cikin shafin:

* Buy It Now, wanda aka fara a 2000. Mai kaya yana sa tsayayyen farashi, duk wanda ya yarda da shi ya saya nan take.
* Best Offer, wanda aka fara a 2005. Mai saye yana aika tayinsa ta shafin, mai kaya ya sallama, ko ya ƙi, ko ya faɗi nasa farashin. A kayan gwanjo wannan dama tana gushewa da zarar wani ya yi tayin farko.
* Second Chance Offer. Idan wanda ya ci gwanjo bai biya ba, ko mai kaya yana da wani irinsa, zai iya miƙa kayan ga wanda ya taya amma bai ci ba, a kan tayinsa na ƙarshe, cikin kwana 60 bayan gwanjon.

A shafukan tallan kaya irin su Jiji da Facebook Marketplace abin ya bambanta, domin can ba gwanjo ake yi ba. Ciniki ta saƙo tsakanin mutum biyu shi ne ainihin tsarinsu.

## Matsayin doka

Kotuna a wasu ƙasashe sun ɗauki gwanjon intanet a matsayin yarjejeniyar da ta hau kan mai kaya. A Ostireliya, Kotun Ƙolin jihar New South Wales ta yanke hukunci a 2007 a shari'ar Smythe da Thomas. An sa wani tsohon jirgin saman soja samfurin Wirraway a eBay a kan dalar Ostireliya 150,000, wani ya taya a kan haka ya ci. Mai jirgin ya ƙi sallamawa domin wani ya yi masa tayi mafi tsoka a waje. Kotun ta ce ciniki ya riga ya faɗa, ta umarce shi ya miƙa jirgin ga wanda ya ci gwanjon.

A Jamus, Kotun Ƙolin Tarayya mai sauraron ƙararrakin jama'a ta yanke hukunci makamancin haka a ranar 12 ga Nuwamba, 2014. Wani ya sa mota ƙirar Volkswagen Passat a gwanjo da farashin farawa na yuro 1, aka taya ta a kan yuro 1. Bayan 'yan awoyi ya soke gwanjon, ya ce ya samu mai saye a waje a kan yuro 4,200. Wanda ya taya ya kai ƙara yana cewa motar ta kai yuro 5,250, kuma kotun ta tabbatar masa da diyyar yuro 5,249. Diyyar ta fi kuɗin da mai motar ya samu a cinikin bayan fagen.

## Damfara

'Yan damfara suna son a fita daga shafin gwanjo domin a waje babu rajistar ciniki, babu mai shiga tsakani. Dabarunsu da aka fi sani sun haɗa da:

* Biyan da ya wuce kima. Ana aiko da cek na kuɗin da ya fi farashin kaya, a ce kuskure ne, a nemi a mayar da ragowar. Bayan kwanaki banki ya gano cek ɗin na jabu ne, mai kaya ya rasa kaya da kuɗi.
* Shaidar biya ta bogi. Ana aiko da imel mai kama da na PayPal ko na banki cewa kuɗi sun shiga, ko suna jiran a aika lambar bin sawun kaya. Daidai yake da alat na bogi da 'yan kasuwa suka sani a Najeriya.
* Janye biya. Ana biya da katin banki na sata, daga baya mai katin ya kai ƙorafi bankin ya janye kuɗin.
* Sauya adireshi. Ana neman a aika kaya zuwa wani adireshi daban da wanda yake kan takardar ciniki. Kariyar da PayPal yake bai wa mai sayarwa tana aiki ne idan an aika kaya zuwa adireshin da ke cikin bayanin biyan kuma akwai shaidar isarwa.

Alamomin da aka saba gani su ne farashin da ya zarce darajar kaya, matsa lamba a yi sauri, sabon asusu marar tarihin ciniki, da saƙon da bai ambaci sunan kayan ba.

## Yadda masu kaya suke bi da tayin

Abin da ake fara dubawa shi ne ko an riga an taya kayan. Idan an taya, mai kaya yakan amsa ta akwatin saƙon shafin cewa gwanjon zai ci gaba har ƙarshe, ya gayyaci mai tayin ya shiga gasar. Wanda da gaske zai biya dala 200 zai iya rubuta ta a matsayin tayinsa.

Idan ba a taya ba, mai kaya yakan duba farashin da aka sayar da irin kayan a kwanakin baya, domin eBay yana nuna cinikin da aka kammala. Idan tayin ya yi daidai da wannan, sai ya ƙara Buy It Now ko Best Offer, mai sayen ya biya ta shafin. Ba a aika kaya sai an shiga asusu an ga kuɗin da ido, kuma ana ajiye rasit da lambar bin sawu. Saƙon da ya yi kama da damfara ba a amsa shi, ana kai rahotonsa ga kamfanin.

## A fiƙihun Musulunci

Mafi yawan malaman fiƙihu sun halatta cinikin gwanjo, wanda suke kira bai'ul muzayada. Abin da hadisi ya hana shi ne mutum ya yi tayi a kan tayin ɗan'uwansa, kuma Imam Malik ya fassara hanin da cewa yana aiki ne bayan mai kaya ya karkata ga mai saye sun daidaita a kan farashi. An kuma hana najashi, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba, don kawai ya ruɗi wasu. Shafukan gwanjo ma sun hana wannan, ko mai kaya ne ya yi da wani asusu ko ya sa 'yan'uwansa da abokansa suka yi masa.