Ado ba sai da bashi ba: Yadda makuba da farar ƙasa ke ƙawata gidaje a Ƙaraye da Rogo

Da zarar an kai amfanin gona gida, masara ta shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai hankalin magidanta a Ƙaraye da Rogo ya koma kan bango. A lokacin ne ake duba inda ruwan watan Agusta ya zaizaye katanga, da inda yaɓe ya zube, da kuma ɗakin da za a kai amarya nan da 'yan makonni amma har yanzu ba a shafa masa komai ba.

Kaka ce lokacin biki a karkarar Hausa, domin a lokacin ne manomi ke da ɗan abin hannu. Sai dai tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin siminti da fenti da labule da na motar da za ta ɗauko su daga Kano duk sun tashi. Uban da ke son fita kunyar 'yarsa yakan sayar da hatsin da ya kamata ya kai iyalinsa damina, ko ya ci bashi, don kawai ɗaki ya yi kyau a ranar jere.

Nauyin ya kai har gwamnati na shiga ciki. A auren gata da Gwamnatin Kano ta ɗaura wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoban 2023 ta hannun Hukumar Hisbah, gado da katifa na cikin abin da aka ba amare, domin kayan ɗaki na daga cikin abubuwan da ke hana aure.

Abin tambaya shi ne: kafin zuwan fentin gwangwani, da me mutanen wannan yanki suke ƙawata gidajensu? Kuma me zai hana a koma masa?

Ƙasar rini, ƙasar katsi

Ƙaraye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da suka haɗu suka zama Masarautar Ƙaraye a ƙarƙashin dokar masarautu ta 2024, suna yammacin Jihar Kano. Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kuma yankin ya fi arewacin Kano samun ruwan sama. Ginin ƙasa a irin wannan wuri ba ya daɗewa sai an kare shi.

A ƙarni na 19, garuruwan wannan yanki irin su Zarewa da Beli sun yi suna wajen rini. Karofi kuwa ba shuni kaɗai yake fitarwa ba. Dagwalon da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, idan aka kwashe shi aka shanya aka ƙona, shi ne katsi. Magina suna haɗa katsi da gashin jima da ruwan dafara su sami laso, wato simintin Bahaushe, wanda ake shafe rufin soro da rijiyoyin rini da shi don kada ruwa ya ratsa.

Wanda bai da halin laso sai ya nemi makuba, wato ɓawon ɗorawa bayan an fitar da gari da kalwa. Ruwan makuba yana sa yaɓe ya yi ƙarfi, ya rage shan ruwa, sannan ya ba bango wani launi ja mai duhu. Abu ɗaya, aiki biyu: kariya da ado.

A kan irin wannan shafe ne magina suke fitar da zane tun yana ɗanye. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko ya ga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya san iyakar da hannu da ƙasa za su iya kaiwa. Dagi da zanko da bakan gizo ba daga waje aka kawo su ba.

Cikin ɗaki kuwa na mata ne. Su ne ke taruwa su yi daɓe, suna bugun tsakuwa da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba suna waƙa, har ƙasa ta yi sumul. Su ne kuma ke jere: da farko ƙore da akusa, daga baya tasoshi da langa da fanteka, yau kuma tangaran da kuloli a cikin kabad mai gilashi.

Inda siminti ke cin amanar ginin ƙasa

Yawancin gidaje a ƙauyukan Ƙaraye da Rogo har yanzu na ƙasa ne, ko da an rufa su da kwano. Abin da ya zama yayi shi ne a yi wa ginin ƙasa filasta da siminti, a bi shi da fenti, ya yi kama da ginin bulo.

Matsalar ita ce ƙasa da siminti ba halinsu ɗaya ba. Ƙasa tana kumbura idan ta sha laima, ta tsuke idan ta bushe, siminti kuwa ba ya motsi. Bayan damina ɗaya ko biyu sai filastar ta tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana jiƙa tubali ta ciki alhali daga waje bango na sheƙi, kyan ɗan maciji. Shi ya sa ake ganin filasta ta ɓamɓaro falle guda, wani lokaci ta taho da rabin katangar.

Yaɓen ƙasa da makuba ba ya riƙe laima haka. Yana sha, rana ta fito ya bushe. Aibinsa ɗaya ne: yana son sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu. Amma kayansa a bayan gari suke, kuma aikin yini biyu ne ga mutanen gida idan maƙwabta sun kama.

Wanda ya nace sai ya sa siminti, gara ya kashe kuɗin a inda ruwa ya fi yi wa illa: gindin katanga, inda ruwan indararo ke fantsama, da saman katanga. Indararo mai tsawo da bakin kwano da ya zarce bango sun fi gwangwanin fenti uku amfani.

Yadda ake haɗa shafen makuba

Ɗorawa tana nuna ne da bazara, kafin saukar ruwa. Masu daddawa kalwa suke nema, don haka ɓawon ba ya wuyar samu a wurinsu. A tara shi a buhu, a ajiye inda ba laima.

Idan lokacin aiki ya zo, sai a daddaka ɓawon a jiƙa shi a randa ko ganga na 'yan kwanaki, har ruwan ya yi duhu. Mai sauri yana iya tafasawa. Da wannan ruwa ake kwaɓa jar ƙasa da aka tankaɗe aka cire tsakuwa.

Kafin a shafa, a kankare tsohon yaɓen da ya saki, a cike ramuka, a yayyafa wa bangon ruwa. A shafa da hannu, ba da kauri ba, daga sama zuwa ƙasa. Sassafe ko yamma sun fi, domin zafin rana yana busar da shi da sauri ya tsattsage. Mai son zane sai ya ja layukansa da yatsa ko bakin cokali kafin ya bushe.

Launi huɗu daga abin da ke kusa

Cikin ɗaki ya fi son haske, musamman ɗakin da tagarsa ƙarama ce. Farar ƙasa ce maganin wannan. A jiƙa ta ta kwana, a tace, a zuba ɗan ruwan ƙaro da aka narkar don kada ta riƙa bin tufafi. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. A lura cewa wadda ake sayarwa a shagunan kayan gini tana cin hannu, kuma tana illa ga ido, don haka a sa safar hannu, a kuma nisanta ta da yara.

Daga wannan farin ake samun sauran launuka. Ɗan bula irin ta wanki yana ba da shuɗi mai haske. Jar ƙasa tana ba da ja, ko ruwan hoda idan an rage ta. Gawayi da aka daka ya yi laushi yana ba da baƙi ko ruwan toka. A fara gwadawa a wani lungu a bari ya bushe, domin launin yakan yi haske bayan ya sha iska.

Wanda hannunsa bai faɗa da zane ba, kwali ya ishe shi. A zana dagi ko tauraro ko ganye a jikin kwalin taliya, a yanke da reza, a ɗora a bango, a riƙa dangwala launi da soso. Layi ɗaya da ya zagaye ɗaki daidai ƙugu, ko zane a kewayen ƙofa, ya wadatar. Cika bango da zane yana sa ɗaki ya ƙuntata.

Dabara ɗaya da ta daɗe: a shafa launi mai duhu daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, fari daga nan zuwa sama. Ƙasan ne ke ɗaukar dattin hannun yara da jingina, kuma shi kaɗai za a sabunta idan Sallah ta matso.

Jere da abin da hannu ya saƙa

Ba sai an je Kantin Kwari ko Kasuwar Rimi ba kafin ɗaki ya cika ido. Faifai mai launi, wanda mata ke saƙawa a cikin gida, idan aka jera biyar ko bakwai a bango, manya a tsakiya ƙanana a gefe, ya zama ado. Haka tabarmar kaba mai rini, da ƙwarya da aka yi wa sassaƙa, da mafici.

Ƙyallayen atamfa da ke taruwa a shagon tela, musamman bayan ɗinkin Sallah, ana haɗa su a yi rigar filo, ko labulen ƙofa, ko shimfiɗar gado. Sirrin shi ne a zaɓi launi biyu ko uku da suka dace, a yanka su girma ɗaya. Tsohon zane da ya koɗe ana yayyanka shi a kitsa a naɗe, ya zama abin taka ƙafa a bakin gado.

A tsakar gida kuwa, tulun da ya tsage ko tsohuwar randa ba abin yarwa ba ne. A huda ƙasan, a shafa farar ƙasa, a shuka na'ana'a ko ɗoɗɗoya. Lalle da zogale a jikin katanga suna ba da kore, suna kuma shiga kwano ko hannun amarya. Sai dai kada a dasa su dab da gindin bango, domin ban ruwa zai jiƙa shi.

Hattara da waɗannan

Fentin mai, musamman rawaya da ja, shi ne aka fi samun dalma a cikinsa a binciken da aka yi a ƙasashe da dama, har da Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. Arewa ta san wannan guba: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, ko da yake a can daga dutsen zinare ta fito. Mai sayen fenti ya duba gwangwani ko an rubuta babu dalma, ya fifita fentin ruwa a cikin ɗaki, kada kuma a kankare tsohon fenti yara na wurin.

Baƙin garin cikin tsohon batir, da wasu ke amfani da shi don samun baƙin launi, shi ma ba abin taɓawa ba ne. Gawayi ya wadatar.

Takardar bango da ake mannawa, wadda ake yawan gani a hotunan Facebook da TikTok, an yi ta ne don busasshen bango mai santsi. A ginin ƙasa tana ɓoye laima, ta tara kyankyasai da gara a bayanta. Silin na leda ko na buhu kuwa, da labulen roba, saurin kama wuta gare su. A lokacin hunturu da ake shiga ɗaki da kaskon wuta ko a kunna maganin sauro, tartsatsi ɗaya ya isa.

Ilimin da ke hannun tsofaffi

Babbar barazana ga wannan ado ba tsadar kaya ba ce, raini ne. Matashi yakan ji kunyar a ce ɗakin amaryarsa da makuba aka shafe, 'yan jere kuma sukan auna darajar gida da yawan abin da aka sayo. Su kuma tsofaffin magina da tsofaffin matan da suka san daɓe suna ƙarewa, ba tare da an zauna an koya a wurinsu ba.

Alhali a Kano da Abuja, masu otal da gidajen abinci suna biyan kuɗi a zana musu dagi a bango, a rataya musu faifai da ƙwarya. Abin da ƙauye ke gudu, birni na saye. Matashin Ƙaraye ko Rogo da ya iya zane da haɗa launi yana da sana'a a hannu, haka matar da ta iya saƙar faifai.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Fenti da tayil ba laifi ba ne ga mai hali, amma daidai ruwa daidai tsaki. Ranar jere yini ɗaya ce. Baƙi za su yaba su watse. Bangon da zai tsaya wa ruwan Agusta, da rumbun da ba a taɓa ba, su ne za su zauna da amarya da ango.