Magidanci Zai Iya Komawa Aji Ya Zama Likita?

A Potiskum, kamar sauran garuruwanmu, galibi ba mutum ne ke zaɓar sana'a ba, gado ne ke zaɓar masa. Yaro ya tashi ya ga ubansa yana cinikin shanu a kara, ko wansa yana jan tirela zuwa Legas, sai ya bi sahu. Wani kuwa ya shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin, ya fito malamin kimiyya. Sai shekaru sun ja, ga mata ga 'ya'ya, sannan tsohon burinsa na zama likita ya taso masa. To, ashe ya makara ke nan?

Bai makara ba. Albert Schweitzer, wanda ya kafa asibitin Lambarene a ƙasar Gabon cikin 1913, yana da shekara 30 ya fara karatun likita, bayan ya riga ya yi suna a wani fannin dabam.

Makarantar ma ta matso kusa. Dokta Barau Dikko na Wusasa, likita na farko daga Arewa, sai da ya tafi Birmingham ta Ingila. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen likita a 1967, aka kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, yau kuwa Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, tafiyar kilomita ɗari ko kusa da haka, tana da kwalejin likita da asibitin koyarwa.

Ƙofa biyu ce. Mai takardar sakandare zai zauna jarrabawar JAMB tare da sa'o'in ƙannensa, ya yi shekara 6. Mai digiri a fannin kimiyya da sakamako mai kyau yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye, ya yi 5, sai dai gurabe kaɗan ne, kuma kowace jami'a da nata sharuɗɗa. Bayan nan akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Wanda ya haura 30 kafin ya gama, an yafe masa bautar ƙasa.

Amma a ganinmu ba ƙwaƙwalwa ce ke kayar da magidanci ba, cefane ne. Karatun likita ba ya yarda da kishiya. Ba a yinsa da yamma ko ranar Asabar. Shekarun farko na sanin sassan jiki da aikinsu, waɗanda ake rufewa da jarrabawar da ɗalibai suka fi tsoro, suna cinye dare da rana. Wa zai riƙe gida a lokacin? Ma'aikacin gwamnati ya fara neman hutun karatu da albashi, a rubuce, kafin ya sayi fom. Ɗan kasuwa ya san wanda zai bar wa rumfa. Uwargida kuwa, wadda za ta yi shekara biyar ko shida tana lallaɓa tukunya, da ita ya kamata a fara shawara, tun kafin a gaya wa abokai a majalisa.