Wa zai biya wa ɗalibi mai naƙasa kayan karatu a Mayahi?

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, kuma ta yi dokar kare su a 2019. Amma a ƙauyukan Mayahi da Tasawa, iyaye ne ke neman kuɗin keken guragu, na'urar taimaka wa ji, ko allon rubutun makafi na Braille, alhali abincin gidan ma sai damina ta yi albarka. Ƙungiyoyi irin su Handicap International sun tallafa wa karatun irin waɗannan yara a jihar Maradi, sai dai kyauta sau ɗaya ake yinta. Na'urar ji kuwa tana cin batir kullum, tayar keke tana lalacewa cikin yashi, yaro kuma yana girma ya fi ƙarfin kekensa. Nan ne ainihin tsadar take, shi ya sa ya kamata ƙananan hukumomi su ware wa gyara da sauyin kayan wani kaso a kasafinsu na kowace shekara.

Za a ce aljihun ƙaramar hukuma bai ko isa gina azuzuwa ba, ga yara cikin rumfunan zana. Gaskiya ne. Sai dai allon Braille da tsinkensa ba su da tsada, keke kuma masu walda na garin suna iya gyara shi.