Bushewar baki da dalalar miyau: ina gaskiya, ina jita-jita?

Idan dattijo ya ce bakinsa ya bushe ƙamas, tuwo ba ya wucewa sai ya kora da ruwa, amsar da yake samu a gida ɗaya ce: "Baba, ai girma ne." Wannan magana ba daidai ba ce, kuma ta jawo wa mutane da yawa asarar haƙora. Tsufa shi kaɗai ba ya ƙafar da miyau haka. Galibi dalilin yana cikin ledar magungunansa: maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, Piriton na mura da ƙaiƙayi, ko amitriptyline. Ciwon suga da ya yi sama ma yana busar da baki, haka gashin cutar daji a kai ko wuya, da cutar Sjögren wadda ta fi kama mata, take haɗawa da bushewar ido.

Baligi yana samar da miyau rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a rana, kuma shi ke wanke haƙori yana kashe tsamin da ke cinye shi. Likitan haƙori kan gane matsalar tun kafin awo: ɗan madubinsa ya manne a kumatu ta ciki, harshe ya tsattsage, ruɓa ta zagaye gindin haƙora daidai dasashi. Shi ya sa shawarar "riƙa tsotsar minti" take ba ni takaici. E, baki zai jiƙe na ɗan lokaci, amma sukari ne ake ajiyewa a kan haƙorin da ya rasa mai wanke shi. Abin da ke taimakawa shi ne kurɓar ruwa a kai a kai, cingam marar sukari, da makilin mai sinadarin fuloraid. Kada kuma a daina maganin hawan jini da ka. A kai ledar gaba ɗaya wurin likitan da ya rubuta, shi zai duba ko akwai madadi.

Masu tofar da yawu wuni guda a watan azumi don tsoron karyewar azumi suna ƙara wa kansu ƙishi ne kawai, domin malamai sun tabbatar haɗiye yawun bakinka ba ya karya shi.

Ta ɓangaren yawan miyau, an ce yaron da ke jiƙa matashi da dare tsutsar ciki gare shi. Wannan ba alama ce da za a dogara da ita ba. Sau da yawa hancinsa ne a toshe, yana barci baki buɗe. Mai cutar Parkinson ko shanyewar ɓarin jiki kuwa ba ƙaruwa miyansa ya yi ba, haɗiyar ce ta yi rauni. Gaskiya ne mai laulayi, da mai ƙwannafi, da wanda ya sa sababbin haƙoran roba kan ga yawu ya ƙaru, kuma yakan lafa. Amma miyau ya ɓarke farat ɗaya tare da gumi da amai bayan an yi feshin fiya-fiya, wannan guba ce, a garzaya asibiti nan take.