Majalisar Tarihi a Bakin Tafkin Kainji

A garuruwan bakin Tafkin Kainji, daga Warra da Ngaski zuwa Yauri da Shanga, akwai bukatar zama na musamman inda manya za su riƙa sauraron tarihi suna kuma faɗarsa, ko da sau ɗaya ne a wata, a makarantar firamare ko ƙofar gidan hakimi bayan la'asar. Hujjata ita ce, mutumin wannan yanki ba sai ya yi nisa ba kafin ya gamu da tarihin duniya, domin ta Kogin Kwara ya biyo ya same shi har gida. A 1806 Mungo Park, ɗan Sikotland, ya ratsa ƙasar Yauri a jirgin ruwa, ya halaka a Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yauri neman takardun Park, daga nan suka gangara har suka tabbatar wa Turai inda kogin ke faɗawa teku. Wannan sani ne ya buɗe wa kamfanonin Ingila hanya, har taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya tsara dokar zirga-zirga a kogin ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga Gungawan bakin kogin ba. Tun kafin Turawa ma, ayarin fataken goro na Gwanja ta wannan yanki suke ƙetarewa zuwa ƙasar Hausa. Wanda ya yi wa irin wannan cuɗanya bincike mai zurfi, Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski ne, littafinsa kan rawar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma ya fito a 1978, amma da Turanci yake, masunci bai san abin da ke ciki ba.

Babban darasi shi ne tafkin kansa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da gonakin fadama, aka tashi mutum fiye da 40,000. Dattijon da ya ga wannan tashi yakan ɗauka masifa ce da ta faɗa wa danginsa kaɗai. In aka gaya masa a Ghana madatsar Akosombo ta tashi kusan mutum 80,000 a 1960 da 'yan kai, madatsar Aswan kuma ta raba Nubiyawa da ƙasarsu a Masar da Sudan, sai ya gane cewa zamani ne guda, lokacin da sababbin gwamnatocin Afirka suka ɗauki wutar lantarki a matsayin ƙofar ci gaba. Daga nan tambaya ke sauyawa: me aka yi wa waɗancan na diyya da matsuguni, me aka yi mana? Hatta katse wa Nijar wuta da Najeriya ta yi bayan juyin mulkin 2023 ba ya fahimtuwa sosai sai an san yadda ƙasashen biyu suka daɗe suna raba amfanin kogi ɗaya.

Wani zai ce ciki da yunwa ba ya jin tarihi, ga rashin tsaro, ga haɗarin jirgin ruwa irin na watan Mayun 2021 kusa da Warra wanda ya ci rayuka masu yawa. Gaskiya ne, tarihi ba ya saya wa kowa rigar ruwa. Amma kututturan itatuwan da jirage ke karo da su a ƙarƙashin tafkin ragowar dajin da ruwa ya rufe ne, kuma tsofaffin da suka san inda tudu da kwari suke kafin 1968 suna ƙarewa. Iliminsu na da amfani ga matuƙin jirgi yau.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: tone-tonen tarihi na iya tayar da gardamar wa ya riga wa zama tsakanin Gungawa, Kambari, Lopawa, Shangawa da Hausawa, ko ya taɓo rigimar sarauta. Wannan haɗari ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai ana yin gardamar ko da majalisa ko babu, a teburin mai shayi da WhatsApp, inda ba mai tambayar hujja. A zaman da aka tsara, mai jawabi dole ya faɗi daga wa ya ji, wani ya kawo ruwayar gidansu, malamin makaranta ya karanto abin da aka rubuta, a ajiye su gefe da gefe. Mata ma a ba su nasu zaman, domin labarin ƙaura da waƙoƙin daka a bakinsu suke. Kuɗin da ake bukata bai wuce na tabarmi da lasifika da wayar ɗaukar murya ba, sai kuma yardar hakimi da matashi guda mai haƙurin rubutawa da Hausa.